HAKKIN KOGI A KAN BAITULMALIN ƘARAMAR HUKUMA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama gwargwadon hikimarSa, Ya gudanar da koguna a bayan ƙasa, Ya ajiye abincin bayinSa a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu yi magana a kan wani al'amari wanda da yawa daga cikinmu suke zaton ba ruwan addini da shi, watau kuɗin da ya kamata ƙananan hukumomi su riƙa warewa domin gyaran koguna da fadamu, da kuma farfaɗo da kifin da ya ja baya a cikinsu. Mai karatu yana iya cewa, Malam, me ya haɗa filin addini da kasafin kuɗi da taru da kwalekwale? To, malaman fiƙihu na farko ba su raba waɗannan abubuwa ba. Da wuya ka buɗe babban littafin fiƙihu ba ka tarar da babin rabon ruwa ba, da babin raya matacciyar ƙasa, da bayanin inda ake kashe dukiyar baitulmali. Abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne, gyaran kogi bashi ne a wuyan hukuma, kuma za a tambayi wanda aka ɗora wa shi ranar gobe kiyama. Domin kada maganar ta tsaya a iska, za mu kafa misali da kogunan Haɗeja da Jama'are.

YADDA ALLAH YA TSARA RUWAN

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin a kai Wudil, daga nan su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga duwatsun Jos yake tasowa, ya ratso ƙasar Bauci ta wajen Katagum. Da ruwan ya wuce garin Haɗeja sai ya iske shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya rarrabu rassa-rassa, ya malala cikin fadamun Guri da Kirikasamma da Nguru da ƙasar Bade. Wajen Gashuwa sai ya sake tattaruwa ya zama Kogin Yobe, ya bi ta Gaidam, ya raba Nijeriya da Jamhuriyar Nijar ta wajen Diffa, har ya faɗa Tafkin Cadi. Duk ƙasar da ruwanta yake gangarowa cikin wannan hanya, tun daga tudu har zuwa tafki, gida ɗaya ce ta fuskar ruwa, ko da taswira ta yanka ta jiha-jiha da hukuma-hukuma.

Dubi hikimar Ubangiji a cikin wannan tsari. Idan damina ta yi nisa ruwa ya cika ya haura gaɓa, sai kifi ya bi sabon ruwa ya bar uwar kogi, ya shiga cikin ciyawar fadama ya zuba ƙwai. A nan 'ya'yan suke samun abinci da maɓoya har su yi ƙwari. Sa'ad da ruwa ya fara janyewa da kaka, sai su biyo shi su koma kogi da tafkuna masu zurfi, su jira wata shekara. Saboda haka ne masunta suka sani tun kaka da kakanni cewa shekarar da ambaliya ta yi faɗi ita ce shekarar kifi: tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu da giwan ruwa, har da gaiwa wadda takan binne kanta a taɓo ta ƙetare rani. A fili guda masunci yakan yi su da damina, manomi ya yanki shinkafa ya kuma shuka wake a danshin da ruwa ya bari, sa'an nan makiyayi ya shigo da shanunsa da rani. Mutum uku suna ci daga ƙasa ɗaya, kowa da lokacinsa. Allah Ya sanar da mu a Suratul Anbiya cewa asalin kowane mai rai daga ruwa yake, kuma a Suratun Nahli Ya lissafa ɗanyen naman da ake fitarwa daga ruwa cikin ni'imomin da ake neman mu gode musu.

ABIN DA YA SAUYA

Fari ya auku a 1973, ya sake dawowa da ƙarfi a 1984. A cikin wannan tsakani aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, daga baya kuma aka gama ta Challawa a 1992. Adalci shi ne mu faɗi alherin waɗannan ayyuka: birnin Kano yana sha daga gare su, kuma shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure da ruwan Tiga ake noma su. Amma kowane aiki na ɗan Adam yana da bayansa. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamun Haɗeja da Nguru, amma a farkon shekarun 1990 ba ta kai rabin haka ba. Wurin haihuwar kifi ya ƙuntata, kifi kuwa ya ragu.

Har ila yau akwai wata ɓarna wadda ba a hango ba. A da, rassan kogin sukan bushe da rani, rana ta ƙone abin da ya tsiro a cikinsu, sa'an nan ƙarfin ruwan damina ya share yashi da laka. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar nan da ake kira kacala ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi wanda ba ya yankewa. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare laka, hanyoyin suka toshe. A shekarun 1990 da na 2000 an kai matsayin da yawancin ruwan Kogin Haɗeja ya karkata ta reshen Marma zuwa Nguru, ya cinye gonaki da hanyoyi, alhali kuwa mutanen da ke kan wasu rassan suna duban busasshen yashi. Wani yana kukan ruwa ya yi yawa, ɗan'uwansa yana kukan babu. Kwalekwale ba ya ratsa kacala, taru ba ya shimfiɗuwa a cikinta, tsuntsayen jan-baki suna kwana a ciki su wayi gari a gonakin shinkafa, ga sauro ga tsargiya.

Da kifi ya yi ƙaranci, sai wasu masunta suka matse idon taru, wasu suka koma ja da gidan sauro wanda ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Wasu suka kafa dumba, watau jerin gura da ake tare hanyar ruwa da shi daga wannan gaɓa zuwa waccan, wasu kuma, wa'iyazu billahi, suka riƙa zuba gamalin a tafki. Yunwa ta haifi ɓarna, ɓarna ta ƙara yunwa. Allah Ya gaya mana a Suratur Rum cewa lalacewar da ke bayyana a tudu da ruwa sakamakon aikin hannun mutane ce, kuma ana ɗanɗana musu ita ne domin su komo kan hanya. Ashe ƙofar komowa a buɗe take. Abin tambaya shi ne, wa zai fara, kuma da kuɗin wa?

HUKUNCIN NA SAMA DA NA ƘASA

Ya tabbata a hadisi cewa mutane abokan tarayya ne a cikin ruwa da makiyaya da wuta. Ruwan kogi ba mallakar wanda ya fara wucewa ta ƙofarsa ba ne. A Madina, Zubairu ɗan Awwam da wani mutum daga Ansaru sun yi jayayya a kan wata ƙorama da suke shayar da dabinonsu, sai Manzon Allah, mai tsira da amincin Allah, ya hukunta Zubairu ya shayar, sa'an nan ya saki ruwa ga maƙwabcinsa. Imamu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da aka yi a kan ƙoramun Mahzur da Muzainib, cewa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake wa na ƙasa.

Ya mai karatu, lura da abu biyu a nan. Na sama yana da hakkin farawa, amma ba shi da hakkin cinyewa. Na biyu kuma, ba a bar al'amarin ga kirkin zuciyar na sama ba, an yanka masa awo wanda kowa yake iya gani da idonsa. Abin da masana a yau suke kira tsarin kula da kwarin kogi, watau a zauna a rubuta yawan ruwan da za a tare, da wanda za a saki, da watan da za a sake shi domin fadama ta cika kifi ya hayayyafa, shi ne idon sawun wannan zamani. Kogin da ba a yi masa awo ba, mai ƙarfi ne yake sha, raunana su lashi laka.

A cikin Muwaɗɗa ɗin dai an ruwaito cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ratsa da hanyar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Da magana ta kai ga Sayyidina Umar, ya ga abin zai amfani su duka biyu kuma ba ya cutar da mai gonar, sai ya tilasta aka wuce da ruwan. Daga nan muke gane cewa shugaba yana da ikon buɗe hanyar ruwa ko da wani ya ƙi. Saboda haka wanda ya tare reshen kogi da dumba, ko ya fasa gaɓa da dare don ya karkatar da ruwa gonarsa, ba shi da hujjar cewa wurin na kakansa ne. Shari'a ta hana cuta da cutarwa.

WA ZAI BIYA?

Wannan tambaya ma malamai sun riga mu amsa ta. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, a cikin littafin haraji da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya bayyana cewa yashe manyan koguna da gyaran gaɓarsu nauyi ne da baitulmali yake ɗauka, domin amfaninsu na jama'a ne baki ɗaya, amma ƙananan magudanan da mutane suka haƙa zuwa gonakinsu, gyaransu yana kan masu su. Imamu Mawardi shi ma ya kasa koguna kashi uku: manyan da Allah Ya gudanar, da ƙananan da Allah Ya gudanar, da waɗanda mutane suka haƙa da hannunsu, kowane da hukuncinsa. A ƙasarmu kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a kan tushen mulki, ya sanya kula da masu sana'a da raya ƙauyuka da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba.

Idan muka auna zamaninmu da wannan ma'auni, madatsun ruwa da uwar kogi suna hannun Gwamnatin Tarayya da jihohi. Magudanar da ke shiga gonar mutum tana kansa da maƙwabtansa, su yi gayya. Amma tsakanin waɗannan biyu akwai rassa da tafkuna da mashigai masu yawa, waɗanda sun fi ƙarfin ƙauye guda, kuma sun yi wa Abuja nisa. A nan ne kifi yake haihuwa, a nan ne kuma kacala take toshewa. Wannan shi ne rabon ƙaramar hukuma.

Kada wani ya ce a ɗauko daga zakka. Allah Ya iyakance masu cin zakka kashi takwas a Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, ba su ga a gina gada ko a yashe kogi da ita ba. Ana iya ba matalaucin masunci zakka domin talaucinsa, amma aikin kogi na baitulmali ne, sai kuma wakafi da sadakar masu hali, kamar yadda Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi.

To, ƙaramar hukuma tana da baitulmali kuwa? Lalle tana da shi. Tun gyaran da aka yi a 1976 aka mai da ƙananan hukumomi mataki na uku na mulki. Tsarin mulki na 1999 ya sa su cikin aikin bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da ma'adinai, ya kuma ba su ikon yanka lasin na kwalekwale da kula da kasuwanni. Kasonsu a asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin 100, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri. Mun san kukan da shugabanninsu suka daɗe suna yi, cewa abin da ke isowa hannunsu albashi ne yake lashe shi, kuma a cikin kukan akwai gaskiya. Amma ga tambaya guda. Hukumar da ma'aikacinta yake tsayawa a bakin ruwa ya yanki rasit a kan kwalekwale, ya tsaya a kasuwa ya yanka a kan kowane kwalin banda, nawa ne daga cikin wannan kuɗi ya taɓa komawa cikin ruwan da ya haife shi? Ƙa'idar fiƙihu ita ce, mai cin amfanin abu shi yake ɗaukar nauyinsa. Bahaushe ma ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

RUWA BAI SAN IYAKA BA

Sai dai kuma ƙaramar hukuma guda ba ta iya wannan aiki ita kaɗai. Idan wannan ta yashe nata reshen, maƙwabciyarta ta ƙasa ba ta yashe ba, ruwan zai taru ne a kan gonakin da ke tsakani. Idan wannan ta hana su a watan haihuwa, waccan ta bar dumba a mashiga, to kifin da aka yi wa tanadi a gurar wani zai ƙare. Manzon Allah, mai tsira da amincin Allah, ya buga mana misali da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka yi niyyar huda nasu ɓangaren don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In an ƙyale su kowa ya nutse, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. Mutanen kogi ɗaya mutanen jirgi ɗaya ne.

An taɓa gane haka a matakin jihohi. A 2006 jihohin Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka hallara a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya, suka amince da tsari guda na kula da waɗannan koguna, suka kuma kafa asusun amana dominsu. Tun kafin nan, a shekarar 2000, an sanya Tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayoyin da duniya ta yarda a kiyaye. A ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin gyaran ƙasa da kwarin koguna a jihohin Arewa. Duk wannan alheri ne. Amma manyan ayyuka irin waɗannan suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, ita kuwa kacala ba ta da ranar hutu. Injin yashe ruwa yana iya buɗe hanya bana, in babu mai bin sawu da lauje da kwalekwale kowace shekara, ba da daɗewa ba za ta sake rufewa.

Mu tuna da mutanen Saba'u a ƙasar Yaman, waɗanda aka saukar da sura da sunansu. Suna da gonaki dama da hagu saboda madatsar ruwa ta Ma'arib, suka juya baya ga godiya, sai madatsar ta ɓalle, gonakinsu suka koma itatuwa masu ɗaci da 'yar magarya kaɗan, su kuma suka warwatsu cikin ƙasashe. Godiyar ni'ima ba ta tsaya ga harshe ba, kiyaye ni'imar yana cikinta. Yau ma matasan da suka bar garuruwan bakin ruwa suka cika tashoshin birane suna neman abin yi, da yawansu 'ya'yan masunta ne.

HURUMI DA LOKACIN HUTU

Shari'a ta ba shugaba ikon keɓe wuri ya hana taɓa shi domin amfanin jama'a, abin da malamai suke kira hima. Annabi, mai tsira da amincin Allah, ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Kakanninmu ma sun san wannan. Sarkin ruwa ne yake faɗin ranar da za a shiga tafki da ranar da za a fita. Dubi Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934: manyan giwayen ruwan da ake fitarwa daga Matan Fada, sirrinsu shi ne wurin a tsare yake, ba a su a cikinsa sai an ba da izini. Kifi halitta ce mai saurin yaɗuwa. In an ba ruwa hanyarsa, aka ba kifi watanninsa, aka bar ƙananan su girma, da yardar Allah yakan dawo cikin 'yan shekaru.

A Suratul A'araf akwai labarin wata alƙarya ta bakin teku wadda aka hana mutanenta su ranar Asabar, sai kifi ya riƙa bayyana a fili a ranar domin jarrabawa. Suka kasu uku: masu keta haddi, da masu hani, da masu cewa ina amfanin wa'azi. Waɗanda aka ambata da tsira su ne masu hani. Hanin ranar Asabar shari'ar waɗancan mutane ce, ba tamu ba, amma darasin yana nan: haƙurin barin abin da ido yake gani a cikin ruwa jarrabawa ce, kuma shiru a kan mai ɓarna ba tsira ba ne. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta su da guba da nakiya, kuma bin shugaba a cikin abin da ya zama maslaha wajibi ne a addini.

Amma fa hani kaɗai ba ya cika ciki. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa, domin ya san halin da mutane suke ciki. Hukumar da za ta ce wa masunci ya rataye tarunsa wata uku, sai ta tanadi abin da zai ci a waɗannan watanni. Nan ma kuɗi ake bukata, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na farko, kowace ƙaramar hukuma da kogi ya ratsa ta sanya gyaran ruwa da farfaɗo da kifi a cikin kasafin kuɗinta da sunansa, kowace shekara, komai ƙanƙantarsa. Mafi ƙarancin abin da ya dace shi ne abin da aka karɓa daga kwalekwale da kasuwar kifi ya koma ruwa.

Na biyu, ƙananan hukumomin da ke kan reshe ɗaya su haɗa majalisa guda da asusu guda, ko da ba jiha ɗaya suke ba. A zaunar da hakimai da sarakunan ruwa da ardo-ardo da manoma, da matan da suke banda da sayar da kifi, a rubuta tsari wanda kowa ya sa hannu. Da murya ɗaya za su fi samun a saurare su wajen masu riƙe da madatsun ruwa a kan lokacin sakin ruwa da yawansa.

Na uku, a tsayar da gayyar yankan kacala kowace shekara, hukuma ta kawo lauje da kwalekwale da abinci da ɗan abin hasafi. An jarraba an gani cewa in an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, takan ruɓe ta mutu. Hukumomin da ke tudu kuma su dasa itatuwa a gaɓa su toshe zaizayar ƙasa, domin yashin da ya cike kogi a fadama daga gonakin tudu ya taso.

Na huɗu, a keɓe wasu tafkuna su zama hurumi, a sanya watannin hutu, a karɓi gidan sauro da matsattsen taru a musanya wa masunta da mai faɗin ido, sa'an nan a ɗauki su masuntan aikin yankan kacala a watannin da ba sa su. Ta haka kuɗi ɗaya ya yi aiki biyu.

Na biyar, a karanta wa jama'a abin da aka ware da abin da aka kashe, a liƙa shi a sakatariya da ƙofar hakimi. Ya tabbata a hadisi cewa wanda aka ba aikin jama'a ya ɓoye ko da allura ce, zai zo da ita ranar kiyama. To, ina ga wanda ya rubuta cewa an yashe kogi, alhali ko cebur bai taɓa ruwa ba?

NASIHA GA KOWA

Ya kai shugaban ƙaramar hukuma, da kai kansila, mun san aikin kogi ba ya ɗaukar ido kamar ginin da ake yanka masa kyalle a buga hoto. Amma an ruwaito cewa wanda ya gudanar da ƙorama ko ya haƙa rijiya yana cikin waɗanda ladansu yake bin su har cikin kabari. Sayyidina Umar yana Madina yana tsoron kada Allah Ya tambaye shi a kan dabbar da ta halaka a gaɓar Furatu, kai kuwa kogin yana bayan ofishinka.

Ya kai masunci, ɗan kifin da ka kama da gidan sauro yau, abincin ɗanka ne na baɗi ka cinye. Ya kai mai masana'anta da majema a birni, Annabi, mai tsira da amincin Allah, ya yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a mashayar mutane, balle zuba dafin da zai bi ruwa ya isa tukunyar wanda bai san ka ba. Ya kai mai saye a kasuwa, in ka daina sayen 'ya'yan kifi, mai kama su zai daina. Ku kuma malamai da limaman garuruwan bakin ruwa, ku sanya wannan a huɗuba kafin faɗuwar damina, ku kuma halarci zaman kasafin kuɗi ku yi tambaya da ladabi, domin nasiha ga shugabanni tana cikin addini.

Allah Ya rufe Suratul Mulk da tambayar da ya kamata ta hana mu barci, a kan wanda zai kawo mana ruwa mai gudana in namu ya ƙafe. Babu mai kawowa sai Shi. Amma Shi ne kuma Ya ɗora mana amanar wanda Ya riga Ya bayar.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sanya albarka a kogunanmu da gonakinmu da dabbobinmu, Ya tsare mu daga fari da ambaliya mai ɓarna, Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.